Gyaran zuciya da warkewar al'umma bayan rikicin launin fata: abin da ke fara zuwa da abin da ke biyo baya

Duk lokacin da aka zubar da jinin wani saboda launin fatarsa ko asalinsa, gari ya ɗauki zafi, kira iri biyu ne ke tashi. A kan titi ana cewa a yi adalci. A masallatai da coci-coci ana cewa a kai zuciya nesa, a yafe. Haka aka gani a Minneapolis ta Amurka bayan ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd da gwiwa har rai ya yi halinsa ranar 25 ga Mayun 2020, haka kuma aka gani bayan harin coci a Charleston ta Amurka a 2015 da harin masallatai a Christchurch ta New Zealand a 2019. Mutane da yawa suna ɗaukar kiran biyu kishiyoyin juna ne, ko dai ka bi wannan ko ka bi wancan. Waɗanda suka daɗe suna aikin sulhu ba haka suke kallon lamarin ba. A wurinsu duka biyun gaɓoɓin aiki guda ne, kuma abin da ke raba aikin da ya ɗore da wanda ya wargaje shi ne jerin da aka bi: me aka fara, me aka jinkirta, wa aka ɗora wa nauyi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara da abin da ya kamata ya zo ƙarshe. Mako biyu bayan jana'iza a tara jama'a a babban ɗaki, a yi addu'a, manya su rungumi juna a gaban masu ɗaukar hoto, a sanar cewa an sasanta. Wanda aka cuta zai koma gida da abin da ya zo da shi, har da ƙari, domin daga ranar duk wanda ya sake tayar da zancen shi ne za a kira mai neman fitina.

Aikin da ke kan wanda ya yi cutar

Zukata biyu ne ke buƙatar gyara, kuma gyaran ba iri ɗaya ba ne. Na wanda ya yi zalunci addinai sun riga sun tsara shi dalla-dalla. Malaman Musulunci sun lissafa sharuɗɗan tuba: a bar laifin, a yi nadama, a ƙudurce ba za a koma ba, sannan in laifin ya taɓa haƙƙin ɗan Adam a mayar masa da haƙƙinsa ko a nemi yafiyarsa. A Linjilar Luka, babi na 19, Zakka mai karɓar haraji cewa ya yi rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda kuma ya cuta zai mayar masa ninki huɗu. A koyarwar Yahudawa, ranar kaffara ba ta goge laifin da ke tsakanin mutum da ɗan'uwansa sai ya je ya nemi yardarsa. Nadama da ƙuduri a cikin ƙirji suke, ba mai iya dubawa. Mayar da haƙƙi ne ake gani da ido, kuma shi ne ake yawan tsallakewa saboda shi ne mai tsada.

Akwai hadisi a Bukhari da ya kamata duk mai wa'azi kan wannan batu ya riƙe. Abu Zarr ya zagi wani mutum ya goranta masa uwarsa, sai Manzon Allah (SAW) ya ce masa shi mutum ne da ke da sauran jahiliyya a tare da shi. Abu Zarr na cikin waɗanda suka fara karɓar Musulunci, an kuma san shi da gudun duniya. Ke nan yawan ibada da raina wani saboda asalinsa suna iya zama a ƙirji ɗaya, mai su bai sani ba. Kuma dalilin da ya sa ya ba da labarin shi ne an same shi a Rabaza sanye da tufa, bawansa ma sanye da irinta, aka tambaye shi me ya kawo haka. Sauyin ya fito fili har baƙo ya lura.

Misali na zamani shi ne Beyers Naudé, babban limami a cocin Turawan Afrikana da ya daɗe yana halatta mulkin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, kuma mamba a ƙungiyarsu ta asiri, Broederbond. Kisan masu zanga-zanga 69 da 'yan sanda suka yi a Sharpeville a 1960 ya girgiza shi. A 1963 ya bar ƙungiyar, ya rasa limancinsa, danginsa na addini suka juya masa baya, daga 1977 zuwa 1984 kuma gwamnati ta taƙaita zirga-zirgarsa da maganarsa. Baƙaƙen fata sun yarda da shi ne saboda sun ga abin da ya rasa. A kwatanta wannan da takardun ban-haƙuri da ƙungiyoyi ke fitarwa. Babbar ƙungiyar Baptis ta kudancin Amurka, wadda aka kafa a 1845 a kan rigimar kare masu mallakar bayi, ta nemi gafara a 1995. Mataki ne, ba a raina shi. Sai dai takarda ba ta cin wa kowa komai, shi ya sa tambayar da ke biyo bayanta kullum ita ce: sai kuma me? Limaman Katolika na ɗariƙar Jesuit sun ɗan ƙara taku a 2021, lokacin da suka yi alƙawarin tara dala miliyan 100 domin zuriyar bayi 272 da magabatansu suka sayar a 1838 don biyan basussukan kwalejin Georgetown.

Inda lamarin ya fi wuya shi ne mutumin da bai taɓa dukan kowa ba, amma gidan da ya gada da makarantar da ya yi da unguwar da yake zaune duk tsarin wariya ne ya ba shi. Hukumar Gaskiya da Sasantawa ta Afirka ta Kudu ta taƙaita bincikenta a kan kisa da azabtarwa da sace mutane da mummunar cin zarafi tsakanin 1960 da 1994. Dokar filaye ta 1913, wadda ta bar wa baƙaƙen fata kusan kashi 7 cikin 100 na ƙasar, da kwashe mutum wajen miliyan uku da rabi daga matsugunansu, ba su ne a tsakiyar zaman ba. Masani ɗan Uganda Mahmood Mamdani ya soki wannan tun a lokacin: an kama 'yan sandan da suka yi azabtarwa, an bar miliyoyin da suka ci moriya suna kallo a talabijin suna cewa su ba su san haka ake yi ba. Mai jagorantar sulhu da ya tsaya a kan tambayar "wa ya yi laifi" zai ga rabin ɗakin sun wanke hannu. Tambayar da ke jawo su ciki ita ce "me ke hannunka yau wanda aka hana wani jiya".

Aikin da ke kan wanda aka cuta

A nan ba tuba ake nema ba. Abin da ake nema shi ne kada fushi, wanda halal ne, ya cinye mai shi ko ya miƙa wa abokin gaba hujja. Kuma wannan horo ne, ba baiwa ba.

A ƙarshen 1959 wani limamin cocin Methodist, James Lawson, ya riƙa tara ɗalibai masu adawa da wariyar launin fata a Nashville ta Amurka mako-mako, cikinsu har da Diane Nash da John Lewis. Ana karatu da addu'a, sannan a yi gwaji: wasu su zauna kamar suna teburin cin abinci na kanti, wasu su yi kamar fararen fata masu hana su. A zage su da mafi munin kalmomi, a hura musu hayaƙin taba, a ture su daga kujera. Ana koya musu yadda za su dunƙule su kare kai, da yadda sauran za su rufe wanda ake duka da jikinsu. Sai da suka shafe watanni a haka kafin zaman dirshan na farko ranar 13 ga Fabrairun 1960, kuma ranar 10 ga Mayu manyan kantunan garin suka fara ba baƙaƙen fata abinci a teburi ɗaya da kowa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai taɓa jin zagin a ɗakin gwaji ba, ranar da ya ji shi a titi jikinsa ne zai amsa kafin hankalinsa.

A wasiƙar da Martin Luther King ya rubuta daga kurkukun Birmingham a Afrilun 1963 ya jera matakai huɗu: tattara hujjoji, neman tattaunawa, tsarkake kai, sannan fita fili. Tsarkake kai ya zo na uku, dab da fita, domin shiri ne na gwagwarmaya, ba madadinta ba. Masu shirya zanga-zangar Birmingham sun kuma yi wata dabara da ake mantawa: wanda ya san ba zai iya shan duka ya yi shiru ba, ba a kore shi ba, an ba shi wani aiki, tuƙa mota ko amsa waya ko dafa wa jama'a abinci.

Malcolm X ya nuna ɗaya fuskar. A aikin Hajjin Afrilun 1964 ya ci abinci a kwano ɗaya, ya yi salla a sahu ɗaya da mutanen da a Amurka za a kira fararen fata, ya dawo ya janye maganarsa ta cewa mugunta a jinin farar fata take. Amma bai rage ko ɗaya daga buƙatunsa ba. Cikin watanni biyu ya kafa sabuwar ƙungiyar neman haƙƙin baƙaƙen fata, yana kuma ƙoƙarin kai ƙarar Amurka Majalisar Ɗinkin Duniya har aka kashe shi a Fabrairun 1965. Ƙiyayyar jinsi ce ta fita, neman haƙƙi bai motsa ba. Duk wa'azin da ya haɗa biyun ya ce a zubar tare, to ya yi wa mai zalunci aiki.

Faɗin gaskiya na iya cutarwa

An daɗe ana maimaita cewa in mutum ya amayar da abin da ke cikinsa zai ji sauƙi. Bincike bai gaskata wannan kai tsaye ba. Likitar ƙwaƙwalwa Judith Herman ta tsara warkewa daga ɗimuwa a matakai uku a 1992: samun aminci, sannan tuna abin da ya faru da yin makokinsa, sannan komawa cikin jama'a. Aminci a nan ba maganar zuci ba ce kawai. Yana nufin harin ya tsaya, mutum yana da wurin kwana, yana samun barci, kuma wanda ya cuce shi ba zai iya tare shi a hanya ba.

A Ruwanda, bayan kisan ƙare-dangi na 1994, kotunan gargajiya na Gacaca sama da 12,000 sun saurari shari'o'i kusan miliyan biyu kafin a rufe su a 2012. Ba wata hanyar da za ta iya ɗaukar wannan yawa, kuma iyalai da dama a nan suka san inda aka binne 'yan'uwansu. Amma mace takan tashi a fili ta ba da shaida a gaban dangin wanda take tuhuma, sannan da yamma ta koma unguwa ɗaya da su. An tsoratar da shaidu, an kashe wasu. Binciken da Karen Brounéus ta wallafa a 2010, bayan tambayar mutum 1,200, ya samu ciwon damuwa da firgicin bayan tashin hankali sun fi yawa a cikin waɗanda suka ba da shaida fiye da waɗanda ba su bayar ba.

A Saliyo an gwada shirin Fambul Tok a ƙauyuka 200, inda ake kunna wuta da dare, wanda aka cuta ya yi magana, wanda ya yi laifi ya amsa ya nemi gafara. Sakamakon da aka wallafa a mujallar Science a 2016 ya zo da fuska biyu. Yafiya ta ƙaru, yarda da tsofaffin mayaƙa ta ƙaru, mutane sun fi shiga ayyukan gayya. A lokaci guda damuwa da fargaba da firgici su ma sun ƙaru a jikin mutanen. Ƙauye ya samu sauƙi, ɗaiɗaikun mutane suka biya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jinyar firgici da ke aiki tana komawa kan mummunan abin ne a hankali, sau da yawa, tare da ƙwararre, har jiki ya daina ɗaukar tunanin a matsayin haɗari na yanzu. Zama ɗaya mai zafi yana tono abin ne ya bar mutum da shi. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan a zaunar da wanda bala'i ya faɗa wa sau ɗaya a sa shi ya zayyana abin da ya gani. A kwanakin farko abin da ake so shi ne a saurare shi in ya so magana, a biya masa buƙatun gaggawa, a haɗa shi da danginsa.

Yadda ake tsara zaman rukuni

Tsari ɗaya da ya cancanci a duba shi ne jinyar zamantakewa da aka fara a Byumba, arewacin Ruwanda, a 2005. Mutum 10 zuwa 15 ne ke haɗuwa sau ɗaya a mako, kimanin awa uku, har mako 15, ƙarƙashin jagorori biyu 'yan yankin da aka horar. Matakansa shida ne a jere: aminci, yarda, kulawa, mutuntawa, sabuwar alƙiblar rayuwa, sannan tuna baya. A lura da inda aka ajiye tuna baya. Makonnin farko ana maganar abin da ke hana mutum sakin jiki a yau ne, ba abin da ya faru a 1994 ba.

Kafin a haɗa ɓangarori biyu, kowane ya zauna shi kaɗai na wasu makonni. Waɗanda aka cuta suna buƙatar wurin da za su yi fushi ba tare da ana auna su ba. Waɗanda suka fito daga ɓangaren da ke da rinjaye suna buƙatar wurin da za su yi tambayoyin rashin sani, su ji kunyarsu, ba tare da sun ɗora wa wanda aka cuta aikin koyar da su da rarrashinsu ba. In aka tsallake wannan, ga abin da kan faru: wata ta fara ba da labarin yadda aka kashe ɗanta, wani daga ɗaya ɓangaren ya fashe da kuka, ɗakin duka ya juya yana ba shi haƙuri, mai labarin ta yi shiru kuma ba za ta sake buɗe baki ba. Amfanin jagorori biyu ke nan, ɗaya daga kowane ɓangare. Ɗaya ya fita da mai kukan, ɗaya ya ce wa mai magana ta ci gaba.

Tun 1954 masanin halayyar ɗan Adam Gordon Allport ya faɗi sharuɗɗan da ke sa cuɗanya ta rage ƙyama: a haɗu a matsayi ɗaya, da manufa ɗaya, ana aiki tare ba gasa ba, kuma hukuma ko shugabanni suna goyon baya. Na farkon ne ya fi saurin karyewa. Kada a sa mai gida da yaronsa a rukuni ɗaya, ko mai gidan haya da ɗan hayarsa, ko jami'in tsaro da mutanen da ke ƙarƙashin ofishinsa. Kada a sa mutum ɗaya tak a cikin goma na wani jinsi, don zai koma wakilin jama'arsa duka. Adadin ya zama kusan daidai, kujeru a zagaye, babu babban teburi, wurin kuma ba na ɓangare ɗaya ba, ko a riƙa karɓa-karɓa. A yi magana bi da bi, kuma kowa na da damar cewa a wuce shi. Wayoyi a kashe, abin da aka faɗa a ɗakin ya tsaya a ɗakin.

Rabin awar ƙarshe ba ta sabon labari mai nauyi ba ce. Ta saukowa ce: numfashi a hankali, addu'a, tambayar kowa wa zai tarar a gida yau. Wanda ya faɗi abu mai nauyi a neme shi cikin kwana biyu. In ya kwana da yawa ba barci, ko ya kasa fita aiki fiye da wata guda, ko ya koma shaye-shaye, ko ya ambaci kashe kansa, wannan ya wuce ƙarfin rukuni, sai likita, kuma sunan likitan ya kasance a hannu tun kafin zaman farko. Malami ko fasto da ya ce wa irin wannan mutum ƙarancin imani ne ke damunsa ya ƙara masa ciwo na biyu. Su ma jagororin su riƙa haɗuwa su kaɗai duk mako biyu, domin mai sauraron irin waɗannan labarai watanni a jere shi ma yana fara mafarkinsu.

In mahalarta addinansu sun bambanta, kowa ya yi addu'a yadda addininsa ya koya masa, sauran su yi shiru cikin girmamawa. Ƙirƙiro ibadar haɗin gambiza yana korar masu riƙo da addini sosai, alhali su ne jama'a ke jin maganarsu.

Kada kuma a yi tsammanin abota a ɗaki za ta bi mutum har kasuwa. Mai bincike Salma Mousa ta haɗa Kiristocin da ISIS ta kora da Musulmi a ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa a arewacin Iraki. Sakamakon da ta wallafa a 2020 ya nuna 'yan wasan sun fi yarda su ci gaba da atisaye da Musulmin da suka buga tare, amma halinsu ga baƙin Musulmi a wajen fili bai sauya sosai ba.

Ga waɗanda magana ke yi wa nauyi, aikin hannu yakan yi abin da baki ya kasa. A Montgomery ta jihar Alabama, wurin tunawa da aka buɗe a 2018 yana da ginshiƙan ƙarfe sama da 800, kowanne na gunduma guda, ɗauke da sunayen baƙaƙen fata sama da 4,000 da gungun mutane suka kashe tsakanin 1877 da 1950. Jama'a, baƙaƙe da farare, suna zuwa wuraren da aka yi kisan su ɗebo ƙasa a kwalba, a rubuta sunan mamacin a jiki.

Yafiya ta wa ce

Ranar 17 ga Yunin 2015 wani matashi farar fata ya zauna a darasin Littafi Mai Tsarki a cocin Emanuel da ke Charleston, sannan ya harbe mutum tara. Kwana biyu bayan haka, a zaman kotu na farko, wasu daga cikin iyalan suka ce sun yafe masa. Duniya ta yi ta yabo. Abin da bai samu irin wannan yayatawa ba shi ne ba duka iyalan suka yafe ba, kuma waɗanda ba su yafe ba sai suka zama kamar su ne ke da abin da za su bayyana. Masu suka a cikin baƙaƙen fata sun yi tambaya mai nauyi: me ya sa kullum su ake fara tambaya ko sun yafe, tun gawa ba ta shiga ƙasa ba?

A shari'ar Musulunci afuwa a kan jini haƙƙin magada ne, kamar yadda aya ta 178 a Suratul Baƙara ta nuna. Aya ta 40 a Suratush Shura ta yabi wanda ya yafe ya gyara, ta 41 kuma ta ce wanda ya nemi haƙƙinsa bayan an zalunce shi babu laifi a kansa. Ba liman ba, ba gwamna ba, ba kwamitin dattawa ba, babu mai yafewa a madadin wanda aka cuta. Masana halayyar ɗan Adam kamar Everett Worthington sun raba yafiya biyu: ƙudurin barin ramuwa, wanda mutum zai iya yi yau, da hucewar zuciya, wadda ke iya ɗaukar shekaru. Mutum ya ce ya yafe sannan bayan wata shida fushi ya dawo masa, ba ƙarya ya yi ba.

Yafiya kuma daban, janye ƙara daban, komawa zaman amana daban. A Christchurch wani mutum da aka kashe matarsa a masallaci ya faɗa a bainar jama'a cewa ya yafe wa maharin. Wannan bai hana majalisar New Zealand haramta manyan bindigogi cikin ƙasa da wata guda ba, bai kuma hana kotu yanke wa wanda ya kashe mutum 51 ɗaurin rai da rai ba tare da damar saki ba a Agustan 2020.

Abin da ke faruwa bayan an tashi

Hukumar Afirka ta Kudu ƙarƙashin Desmond Tutu ta karɓi bayanan mutum kusan 21,000. Sama da mutum 7,000 sun nemi afuwa, 849 suka samu, kuma sharaɗin shi ne cikakken bayani da nuna cewa laifin na siyasa ne, ba nadama ba. Iyalan Steve Biko, ɗan gwagwarmayar da ya mutu a hannun 'yan sanda, da wasu sun ƙalubalanci afuwar a kotun tsarin mulki a 1996, suka sha kaye. Cinikin da aka yi wa jama'a shi ne su haƙura da hukunci a ba su gaskiya da diyya, wanda kuma bai nemi afuwa ba ko aka hana shi a gurfanar da shi. Hukumar ta ba da shawarar a riƙa biyan kowane mutum kuɗi duk shekara har shekara shida. A 2003 gwamnati ta biya rand 30,000 sau ɗaya. Shari'o'i kusan 300 da aka miƙa wa masu gabatar da ƙara mafi yawansu sun yi shekaru a ajiye. Mai laifi ya samu nasa nan take, wanda aka cuta ya jira shekara biyar ya samu guntu.

Shi ya sa duk shirin sulhu ya kamata ya fito da jerin abubuwan da za a iya ƙirgawa, kowanne da sunan ofishin da ke da alhakinsa da ranar cikawa. Hukumar Kanada da ta binciki makarantun kwana da aka tura yaran 'yan asalin ƙasar kimanin 150,000 ta rufe aikinta a 2015 da buƙatu 94 masu lamba. Da yawansu ba a cika ba, amma saboda suna da lamba kowa na iya tambaya a kan ta 71 ko ta 58. Ta 58 ta nemi Fafaroma ya zo Kanada ya nemi gafara, ya kuma zo a Yulin 2022.

Lokacin da abin ke ci ya fi ƙarfin kasafin kowace ƙungiyar agaji. A Greensboro ta North Carolina 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar masu fifita farar fata, da 'yan Nazi sun harbe mutum biyar a zanga-zanga ranar 3 ga Nuwamban 1979, kuma sau biyu masu taya alƙali yanke hukunci, dukansu fararen fata, suka wanke su. Jama'ar garin suka kafa hukumar gaskiya da kansu a 2004, ba tare da ikon tilasta wa kowa bayyana ba, majalisar birni kuma ta ƙi mara mata baya. Cikakken ban-haƙurin majalisar, wanda ya amsa gazawar 'yan sanda, sai a Oktoban 2020 ya zo. A Ireland ta Arewa an sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a 1998, a 2013 gwamnati ta ce za ta rushe katangun da suka raba unguwannin Katolika da na Furotesta a Belfast kafin 2023. Shekarar ta wuce katangu da yawa na tsaye, kuma yaran da ke makarantun haɗaka ba su kai kashi 10 cikin 100 ba.

Saboda haka mai auna irin wannan aiki kada ya dogara da takardar da mahalarta ke cikewa ranar rufe taro, domin a ranar kowa zuciyarsa a sanyaye take. Ya dawo bayan wata shida, ya sake dawowa bayan shekara biyu, ya duba ko rukunin na haɗuwa bayan kuɗin tallafi ya ƙare, ko mutane na zuwa ta'aziyya a ɗaya ɓangaren, ko waɗanda suka gudu sun koma gidajensu, haƙƙoƙi nawa aka mayar, da kuma wa ya kira wa a waya daren da sabuwar jita-jita ta ɓulla.